Fankar Bashe da Irin Geron Surukina

A shekarun farin nan, lokacin da mutanen karkara suka tare a bakin Damagaram suna jiran jar dawar taimako, ni ina tuƙa wata tsohuwar bashe, irin ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya da ake loda wa buhu da akuya da mutum gaba ɗaya. Ta gidanmu ce, amma ni ke shan wahalarta, don haka ni ke da ikon zaginta. Fankarta ta asali, wadda inji ke ja, ta daɗe da tarwatsewa. Na samo wata mai aiki da lantarki a jikin wata matacciyar motar turawa a garaji, na ɗaura ta bayan radiyater da hannuna, na yi ta yi wa direbobi kuri da ita a tasha. In ruwa ya yi zafi ta tashi da kanta, in ya huce ta tsaya. Har zuwa ake yi a leƙa a gani.

Mahaifin matata maƙeri ne, manomi kuma, a wani ƙauye can bayan Dogo, inda ake sauka daga gudro, wato kwalta, a shiga rairayi. Ni ɗan Birni ne, tsohuwar unguwar gari, kakannina daga Barno suka zo da fatauci, kuma ranar da na ce ƴar maƙera nake so sai da gwaggonnina suka yi mini taron dangi. Saboda haka na ninka wa tsohon nan ladabi, kada wani ya ce ɗan gari ya raina shi. Ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Ban taɓa cin abinci yana gani ba. In ya shigo zaure sai in zame takalmi in durƙusa, in kuma magana ce, matata ke kai ta ta dawo da amsa. Ni da aka sani da baki a tasha, wanda ko jandarma ba ya tsira daga harshena, gaban mutumin nan sai in zama bebe.

Daminar shekarar ta yi musu wasa da hankali. An yi ɗan yayyafi suka shuka, ta tsiro, rana ta ƙone ta. Suka sake, ta sake ƙonewa, iri ya ƙare. Tsohon ya taka da ƙafa har gidana, bai roƙe ni kome ba, ƴarsa ya gaya wa. Jar dawar taimako ta ci ce, ba ta shuka ba. Sai na tafi Gidimuni wurin kawuna mai lambu a bakin tafki, na yi masa magiya har ya buɗe rumbu ya auno mini rabin buhun gero mai saurin nuna, yana rantsuwa shi ne na ƙarshe, kada in sake dawo masa. Surukina ya zauna da buhun nan a zaurena yana kallon gabas. Kowa ya san lokaci ya kusa fita. In ba a shuka a ruwan da zai zo ba, ko an yi wani daga baya, gero ba zai kai ga nuna ba damina za ta ɗauke. Can gida kuwa ya bar matarsa da surukai da jikoki a kan dusa da ganye.

Wata rana bayan azahar wani direban babbar mota da ya fito daga kudu ya ce an kwana ana ruwa a wajen Dogo, ruwan kirki, har ya ga mutane sun fita da sungumi. Tsohon ya miƙe tsaye, ya rungumi buhu, ya tsaya a bakin ƙofa. Ni ma na so mu tashi nan take, amma tankina a bushe yake, iyakar ƙasa, inda mai ke shigowa, a rufe, mai ya zama abin nema da rantsuwa. Na yi ta zagaya unguwar Zango daga wannan mai sayar da mai a kwalba zuwa wancan har magariba kafin na haɗa abin da zai kai mu. Ga fitilata ɗaya ce ke kamawa, ba a shiga rairayin can da ido ɗaya. Dole muka bar tafiya sai asuba. Ƙasarsu jigawa ce, ba ta riƙe ruwa. Yau ka gan ta jiƙe sharkaf, gobe in rana ta take sai ka haƙa kafin ka ji sanyi, daga nan kuma shi ke nan. Wato mun riga mun ci kwana ɗaya daga abin da ba shi da yawa.

Matata tana jego, ba halin ta bi mu. Ke nan ni da shi kaɗai, babu mai kai magana.

Da na dawo daga masallaci da asuba na tarar da shi a gaban mota, jakarsa ta fata a kafaɗa, yana goge hannu da gefen riga. Na durƙusa na gaishe shi, na buɗe masa ƙofar gaba. Ya yi kamar bai gani ba. Ina shi ina zama kafaɗa da kafaɗa da mijin ƴarsa? Ya haye baya ya zauna kan tayar ajiya, buhu tsakanin ƙafafunsa, bidon ruwa, wato jarka, a gefe. In yana son magana sai ya bugi rufin mota da tafin hannu, ni kuma in yi ta canke-canken abin da yake nufi.

A kan gudro motar nan kamar ba ita ba. Iskar gudu tana shiga ta gaba tana fifita radiyater, allurar zafi tana kwance abinta. Muna yin kudu, mutane suna yin arewa, iyali iyali, tabarma da tukunya a ka, sun nufi gari. Mushen shanu kuwa na daina juyawa in kalla. Da muka kusa Dogo sai ƙasa ta canza launi, ta yi duhu-duhu, ƙamshinta ya shigo ta taga. Masu sauran iri suna cikin gonaki, namiji a gaba yana sara da sungumi, mata a baya suna jefawa suna rufewa da diddige. Tsohon ya fara bugun rufi. Wannan kam ban buƙaci tafinta ba, na taka mai.

Muka sauka daga gudro hantsi bai yi ba. Rairayi ya kama tayoyi, na koma ƙaramar giya, inji yana ihu mota tana rarrafe. A nan ne aikin fanka yake, don babu iskar gudu. Na kasa kunne ina jiran in ji ta tashi da fuuu ɗin nan nata. Shiru. Allura ta fara hawa. Na ce yanzu za ta tashi, ai sai zafi ya kai mata. Allura ta wuce tsakiya, ta shiga ja, sai ga tururi yana fitowa ta gefen kapo, murfin inji. Na kashe mota na fito ina cizon leɓe.

Fanka tana tsaye ƙiƙam, ko motsi. Na juya ta da yatsa, tana juyawa sumul, ba abin da ya riƙe ta. Abin ba shi da wani surkulle. Jar waya ke kawo wuta daga bateri, ta bi ta fizibil, wanda ke ƙonewa in wuta ta yi yawa, ta bi ta rele, ɗan akwatin da ke buɗe mata hanya, sannan ta shiga fanka. Mai ba rele umarni kuwa wani ɗan ƙarfe ne a jikin radiyater da ke jin zafin ruwa, muna ce masa sondi. Na zaro fizibil na ɗaga shi sama na duba, lafiyarsa lau. Na cire wayoyin sondi biyu na haɗa su da juna, wato na yi wa rele ƙaryar cewa ruwa ya tafasa. Ya yi ƙas, na ji da kunnena. Fanka ta yi kamar ba da ita ake ba.

A tasha da tuni na ambaci uwar motar da uban wanda ya ƙera ta, amma ga surukina tsaye a baya yana leƙowa ta saman rufi. Na haɗiye ashar ɗin, na dunƙule hannu na kai wa gefen mota naushi. Sai fanka ta tashi, fuuu, har da kaɗa mini riga. Kai, daɗin da na ji. Na ce to, sondi ne ya mutu, na bar wayoyin a haɗe don ta yi ta juyawa ba tsayawa. Amma inji mai zafi ba a zuba masa ruwa nan take, sai ya tsage. Dole muka jira. Na zaga motar, na sake zagawa, na taɓa murfin radiyater da tsumma, na ƙone, na sake zagawa. Tsohon ya sauko ya tsuguna a gefen hanya, ya tura yatsu cikin ƙasa, ya damƙo, ya dunƙule. Ta kama, ta yi curi a tafinsa. Ya ajiye curin a hankali ya koma kan buhunsa.

Na zuba kusan duk ruwan bidon, muka tashi. Ba mu yi nisan a-zo-a-gani ba muka faɗa wani rami, mota ta yi tsalle, na ji ƙarar fanka ta ɗauke. Na yi ta fata kunnena ne. Allura ta nuna mini ba kunnena ba ne.

Wannan karon na kai naushi har hannuna ya yi tsami, ba ta kula ni ba. Na ciro rele ɗin fitila na musanya da nata, shi ma ya yi ƙas, ita shiru. Na kwance ƙwan fitilar baya, na ɗaura masa guntuwar waya, na taɓa gindinsa a jar wayar fanka, ɗaya bakin a jikin mota. Ya kama tar. Wato wuta tana zuwa har bakin ƙofarta, ita ce ta ƙi karɓa. Na ce shi ke nan, gawayin cikinta ya cinye, ƴan sandunan nan baƙaƙe da ke gogar abin juyawa. Sai an buɗe cikinta. Ga ruwa ya sake zubewa, abin da ya rage a bidon ko alwala ba zai yi ba, rana kuma ta fara dukan ƙeya.

Na hango wasu bukkoki da gawo a gefe, na ɗauki bidon na nufe su da sassarfa. Rijiyarsu ruwan sama bai kai gare ta ba tukuna, tsattsafowa take yi. Mata sun jera tuluna suna jira ta tara, a zura wasaki a kwaso rabin ƙwarya. Na yi sallama na faɗi buƙatata. Wata dattijuwa ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Mota za ka shayar, ɗana? Mu da awakinmu muna layi tun asuba?"

Wallahi na ji kunya, da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce mata iri ne a cikin motar, na wani tsoho, gonarsa tana gaba, danshi yana tafiya. Ta karkata tulunta ta tsiyaya mini, ta kusa da ita ma ta yi haka, aka yi ta zagayawa har bidon ya kusa cika. Na ɗauka a kafaɗa ina gudu ina tuntuɓe, ruwan mutane yana zubo mini a wuya.

Na kwance fanka daga jikin radiyater, na shimfiɗa rigata a ƙasa na baje ta a kai. Ƙusoshinta ƙanana ne, sun yi shekaru ba a taɓa su ba, ni kuma ina sauri. Tsohon ya zo ya tsuguna nesa kaɗan, ya ba ni gefe. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa a kan ƙarfe, na san hannunsa ƙaiƙayi yake yi. Sai ya dubi wata sabara da ke gabansa ya ce a tambayi mai mota ko akwai abin da za a riƙe masa. Ni kuma na dubi radiyater na ce a gaya wa Baba ya huta, an kusa. Mu biyu rak a dajin Allah, muna aiken sabara da radiyater. Wata ƙusa ta suɓuce ta faɗa rairayi, na yi ta tono kamar kaza. Shi ya matso ya tace wurin da yatsu, ya same ta, ya ajiye a bakin rigata bai dube ni ba.

Da na buɗe cikin, gawayin nan lafiyayye ne, ko rabi bai ci ba. Babu ƙauri, babu abin da ya ƙone. Na zauna daɓas ina kallonsa. Duk wannan lokacin da na kashe, a banza. Ga shi dole in mai da kome yadda yake, abin da ya fi kwancewa wuya, don gawayin yana kan ƴan ƙarafa masu tsalle, ka danna wannan wancan ya fito. Inuwar mota ta shige ƙarƙashinta, ta fara fitowa ta ɗaya gefen. Muka yi taimama don kada mu taɓa ruwan mota, muka yi azahar, ni dai Allah ya karɓa, don raina yana kan fanka. Bayan sallama na ga tsohon ya sake tura hannu ƙasa. Yanzu sai da ya nutsa har wuyan hannu kafin ya damƙo, curin kuma yana buɗe tafi ya rabe biyu.

Da na gama haɗawa sai na yi abin da ya rage. Na yanko wayar fitilar baya gaba ɗaya, na raba ta biyu, na ɗauki fanka na kai ta bakin bateri, waya ɗaya a wannan kai, ɗaya a wancan. Ta zabura har ta kusa yanke mini yatsa. Lafiyarta lau, munafuka. To in wuta tana zuwa, fanka kuma tana da rai, saura abu guda. Wutar mota ba ta aiki sai ta samu hanyar komawa, kuma baƙar waya ce ke mai da ita, a ɗaure ta da ƙusa a jikin ƙarfen mota, abin da muke kira mas. Ban taɓa kawo ta a raina ba. Ni na ɗaure ta da kaina, can ƙasa bayan fitilar dama inda ido ba ya kai wa, na danne ta da kile, wato sufana, har sai da na yi nishi. Me zai taɓa ta?

Na bi baƙar wayar da yatsu, na cusa hannu bayan fitila har gwiwar hannu. Maimakon ƙarfe sai na ji abu mai laushi. Na kwanta a rairayi na leƙa ta ƙasa. Laya ce, sabuwa, cikin jar fata, ɗinki tsaf. An yi mata harshe na fata mai faɗi, an ninka shi biyu an huda, an zura ƙusar mas ta ciki. Kan wayata, ɗan zoben ƙarfen nan, yana kwance a tsakiyar ninkin, fata a samansa fata a ƙasansa, kamar wuƙa a kube. An kankare tsatsar wurin fes, an shafa wa ƙusar man shanu, an mai da ita an ɗaure. Aiki mai kyau, na wanda ya san hannunsa. Sai mota ta girgiza zoben ya goga jikin ƙusa, fanka ta tashi, in ta sake girgiza ya kauce ta mutu.

Ban buƙaci a gaya mini ba. Na tuna shi da asuba yana goge hannu a gaban mota, jakar da awartakinsa ke ciki a kafaɗa. Ya je wurin malaminsa ya karɓo tsarin hanya saboda irin nan, kuma irin wannan laya ba a faɗa, ba a sa ta inda ido zai gani. Ya nemi ƙusar da ta fi ɓuya a duk motar. Ya ga waya a jiki, ya ɗauka ɗauri ce kawai, har ya yi mata gata ya lulluɓe ta kada ƙarfe ya ci ta.

Ina kwance a ƙarƙashin motar nan, rairayi yana gasa mini baya, na ji kamar in kurma ihu. Da wani ne, ko yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, da ranar ya ji abin da bai taɓa ji ba. Ruwan matan can, yinin nan gaba ɗaya, yatsuna da suka ƙone. Haba. Ka tambaye ni mana. Amma ta yaya zai tambaye ni, mutumin da ko ruwa ba ya iya cewa in miƙo masa? Na danne bakina da hannu har numfashina ya daidaita. Na yanke shawara ba zan taɓa layar ba, ba kuma zan ce kome ba. Na datse baƙar wayar daga sama, na mai da fanka mazauninta, na ƙara mata wayar fitila na ja ta kai tsaye zuwa bateri. Aikin da bai fi a sha ruwa a ajiye moɗa ba. Na kunna, ta tashi, ta zauna daram.

Ina zuba ruwa a radiyater na ji shi a bayana. Ya matso fiye da yadda ya taɓa matsowa. Idonsa yana kan guntun baƙar wayar da na bari yana lilo, ya bi shi da kallo har inda ya shige bayan fitila. Wannan karon bai aiki sabara ba.

"Wannan baƙar igiyar, aiki take yi?"

"Tana ɗan yi, Baba," na ce, ina kallon bidon. "Tsatsa ce ta ci gindinta. Tsohuwar mota ce."

Ya sunkuya ya leƙa bayan fitilar.

"Babu tsatsa a wurin," ya ce. "Na goge."

Na rufe murfin radiyater. Ya juya ya haye baya. Daga nan har muka isa bai sake bugun rufi ba, ni kuwa na yi tuƙin da ban taɓa yi ba, ina tsallake kwari ina kutsa sabara, allura tana kwance kamar ba ita ta wahalar da mu ba. Da na ji bugun nan ko sau ɗaya da na fi samun sauƙi.

Ba mu shiga gari ba, gona muka nufa. La'asar ta yi sanyi. Mutanen gidan suna can tun safe, don sun san in ya ji labarin ruwa zai zo. Surukata da matan ƴaƴanta da yara suna zaune a gindin wata aduwa, ƙoransu na shuka a gabansu babu kome ciki, sungumi a jingine. Gonakin maƙwabta duk an gama, sawun diddige layi layi. Yara suka taso da gudu suka kewaye buhu. Tsohon bai amsa gaisuwar kowa ba. Ya shiga gona ya durƙusa ya haƙa da hannu, ya wuce wuyan hannu, ya damƙo, ya buɗe. Ta zube ta tsakanin yatsunsa. Ya matsa gaba ya sake. Ya tafi tsakiya, ya tafi gabas, muna tsaye muna kallonsa yana durƙusawa yana tashi. Na je kusa na ce ko a binne irin hakanan a jira wani ruwan. Ya girgiza kai. Surukata ce ta yi mini bayani, tana kallon gefe, cewa ƙasa mai ɗan sauran laima ta fi busasshiya sharri, iri zai kumbura ya fasa, ya rasa abin sha, ya ruɓe a ciki.

Can ƙasan gonar akwai ɗan kwari inda ruwa ya taru kafin ya nutse. Nan kaɗai curi ya kama. Wurin bai fi tsakar gida ba. Ya karɓi sungumi ya fara sara, da sauri, ba ya ɗaga kai. Aka ɗebi iri a ƙwarya, mata suka bi shi. Ni ma na tuɓe takalmi na bi layi, ɗan Birni da bai taɓa shuka ba, ina zuba da yawa a rami ɗaya, wata daga cikin matan tana bina tana tsincewa. Kafin in gane kan abin har an kai ƙarshe. Ya yi sara ɗaya a wajen kwarin, ƙura ta tashi, ya tsaya.

Buhun yana nan kusan yadda muka zo da shi. Kowa ya yi tsaye yana kallonsa, yara sun fi kowa. Na ce a ajiye shi, zan koma gari in nemo jar dawa in kawo, ko Allah zai sa a yi wani ruwan da wuri. Ni kaina na san maganar ba ta da ƙafa. Layin jar dawar sai a yi kwanaki ba a kai ga mutum ba, man da zai mai da ni gari ma ban tabbata ba, ƙaramin cikin yaran kuwa ko kuka ya daina iya yi. Tsohon ya ɗaga kai ya dubi sama, tas take, babu ko ɗigon girgije. Ya miƙa wa matarsa sungumi.

"A kai gida a daka," ya ce.

Aka sauke ni a zaurensa, kusa da maƙerar da ta daɗe ba a hura ba. Ina zaune ina jin turmi daga cikin gida, taɓarya biyu suna karɓa wa juna. Na tashi na fita wurin mota, na buɗe kapo, babu abin gyarawa, na rufe na dawo. Na sake fita. Turmin nan bai bar ni na zauna wuri ɗaya ba har aka kira magariba.

Bayan salla wata daga cikin matan ta ajiye akushi a bakin zaure ta koma. Tuwo ne, fari, malmala babba, da miyar ganye. Suruki ya zo, kuma a gidan mutunci ba a buɗe tukunya sai an fitar da nasa. Ina jin yara a bayan danga ana yi musu tsawa a hankali, su jira baƙo ya ci. Na so in mai da shi yadda yake. Amma in na mai da shi za a ce fushi nake yi da tsohon, ko kuwa ɗan Birni yana ƙyamar tuwon maƙera, kuma duk daɗewar da na yi ina kallonsa, yaran ne ke jira. Na wanke hannu na gutsura. Geron kawuna ne, zaɓaɓɓe, wanda aka ware zangarniya zangarniya don ya haifi wani. Tun jiya ban sa kome a cikina ba, kuma ban taɓa cin tuwo mai daɗinsa ba. Na yi loma uku ina hawaye, na rufe akushin na tura shi bakin ƙofa.